Sankarar Rahamu a Gidan Masu Rawa

Kun girma da labari ɗaya a kan shekarar da aka yi wa mahaifiyarku aiki, wanda kuka ji a unguwar Daresalam, gidan kawunku Alhaji Mamman, inda ake ba da shi ƙasa-ƙasa bayan an zuba shayi: wai ubanku Idi tela ya ja mace marar lafiya zuwa asibiti aka yanke mata nono a banza. Akwai labari na biyu, nawa, ba ku taɓa jin sa ba, domin na kame bakina don kada in shiga tsakaninku da dangin uwarku. Da shi na yi niyyar shiga kabari. Abin da ya sa na fasa shi ne maganar da Uwani, babbar ɗiyata, ta yi a tsakar gidan nan makon jiya. Tana tsince shinkafa tare da matar ƙanenta Laminu, ta ɗauka barci nake a kujera, sai na ji tana cewa ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, amma ba za ta wahalar da ƙafarta zuwa asibiti ba, tunda ita ma yatsunta sun fara motsi, kuma kowa ya san masu rawa ba su sankara. Tana faɗa tana dariya. Idona biyu, Uwani, na ji ki sarai, kuma tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Bari in fara da rawar, saboda jikokina da za su karanta wannan wata rana. Ciwo ne da ke bin jinin gidan su Rahamu, mahaifiyarku, tun suna Tawa, kafin kakanninsu su sauko Yamai da fatauci. Likitoci suna kiran sa da sunan wani Bature wanda bakina bai taɓa iya kamawa ba, a gidan kuwa rawa kawai ake cewa. Yakan bar mutum ya girma, ya yi aure, ya haihu, sannan ya zo masa. Yatsu ne ke fara motsi ba a aike su ba, sai kafaɗa, sai wuya, sai tafiya ta koma kamar ta wanda ya sha wani abu. Daga baya harshe ya yi nauyi, haɗiya ta yi wuya, mutum ya yi ta ramewa ko me yake ci. A ɗaki ɗaya wani ɗa ya gada, wani ya tsira, ba wanda ya san rabonsa sai ya ga yatsunsa. Ranar da na je neman auren Rahamu, ina saurayi da keken ɗinki ɗaya a kasuwar Lazare, na ga mahaifinta a zaure yana fama da ƙoƙon ruwa, rabi a baki rabi a riga. Mutanenmu na Maraɗi sun ja ni gefe sun ce in duba wani gida. Na ce na gani, kuma ita nake so. Taurin kaina ba jiya ya fara ba, ku tambayi duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya ce in canza wuyan riga.

Gidan da ke da irin wannan ciwo dole ya nemi abin da zai rarrashi kansa da shi. Nasu shi ne maganar sankara. Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifin Rahamu, ita ce mai riƙe da tarihin dangi, takan lissafo matattu tun na Tawa ta ce duk wanda rawa ta kama, rawar ce ta kai shi, ba a taɓa ganin ɗaya da sankara ba, alhali a cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda ita ta ɗauka. Ban ce ƙarya take ba, abin da idonta ya gani ne ta faɗa. Abin da ya ƙara wa maganar ƙarfi shi ne ranar da muka fara kai Rahamu wurin likitan jijiya, lokacin da motsin ya bayyana a kafaɗarta. Ni da Alhaji Mamman muka raka ta, shi ne yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne babba a gidan bayan rasuwar tsoho. Likitan ya gama bayani, ya ce ciwon ba shi da magani sai na sassauci. Sai Alhaji ya kawo masa maganar gwaggo, kamar mai neman a ba shi wani abu ya riƙe. Likitan ya ce lallai masu bincike a ƙasashen waje sun lura sankara ba ta yawa a cikin masu wannan ciwo kamar sauran mutane, kuma har yanzu ana neman dalili. Iyakar abin da ya ce ke nan, ina wurin. Kafin mu kai Daresalam a taksi maganar ta riga ta girma, Alhaji ya shiga gida yana shela.

"Gwaggo, kin ji? Har Nasara sun gano abin da kike faɗi. Masu rawa ba su sankara!"

Ba na zargin sa da wannan. Shi rawar ta tsallake shi ta kama ƙanwarsa da yake ji da ita, kuma mutumin da ya tsira a irin wannan gida yana ɗauke da wani nauyi da ba ya faɗa. Ya samu abu ɗaya mai daɗi da zai gaya mata, ya riƙe shi hannu bibbiyu.

Akwai wata al'ada kuma a gidan, wadda sai na bayyana ta za ku gane abin da ya faru. Idan harshen mai rawa ya fara nauyi, ba a barin sa ya yi ta kokawa da kalma a gaban mutane. Da ya buɗe baki ya ce "ina so", sai na kusa da shi ya yi wuf ya ƙarasa masa: ruwa, ko kewaye, ko a gyara matashi. Rufin asiri suke kiran sa, kuma da kyakkyawar zuciya suke yi, don kada baƙo ya tsaya yana kallon bakin ɗan'uwansu. Yara ma ana koya musu tun suna ƙanana. Ni kaina na yi ta yi shekaru. Sai dai a hankali na lura idan na ƙarasa wa Rahamu magana, takan sauke ido ta ce "to", ko da ba shi take nufi ba, don ta gaji. Wata rana na ce "ruwa", na miƙa mata, ta doke ƙoƙon ya tarwatse a ƙasa. Na ɗauka rawar ce. Da na zauna na jira, ashe cewa take so ta yi in rage rediyo, surutun ƙwallo ya ishe ta. Daga ranar na koyi jira. Maganarta tana nan daram a cikin kanta, hanyar fitowa ce ta yi nisa.

Sana'ata ce ta taimake ni. Tun da hannunta ya daina iya maɓalli, ni nake ɗinka mata duk abin da za ta sa, riguna masu faɗin wuya da ake zurawa ta kai, da zane mai igiya don kada ya kwance a hanya. Duk Sallah sai na sake auna ta, saboda kullum ƙara ramewa take, ita kuma ba ta yarda a yi mata ɗinki da ƙiyasi ba. Ta ce ba ta auri tela don ta sa buhu ba. Auna mai rawa ba a yin sa da ƙarfi. In ka danne kafaɗa, sai ta fi fizga. Sai dai ka sa hannu a hankali ka bi motsin, yana zuwa yana dawowa, akwai ɗan tsakani da jikin ke lafawa, a nan za ka duba awonka. A shekarar da nake ba ku labari, ana sauran kwanaki Sallar layya, na sayo mata shadda ruwan ƙasa, na zagaya da igiyar awo ta ƙirjinta, bayan hannuna ya taɓa wani abu mai tauri a gefen dama, kusa da hammata. Na sake taɓawa. Kamar ƙwallon dabino ne a ƙarƙashin fata, ba ya gudu, ba ya zafi. Na dube ta, ita ma ni take kallo.

"Kin san da shi?" na ce.

Ta ɗauki lokaci, wuyanta yana kai kawo. Na jira.

"Tun... azumi," ta ce. "Na hwaɗi ma... Gwaggo."

"Mi ta ce?"

"Ta ce... mu ba mu yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba, ba ma da gwaggo ba, da maganar nan da ta zauna a gidan ta yi kane-kane har mace ta ji abu a jikinta wata da watanni ta yi shiru. Bayan Sallah ban shawarci kowa ba, na rufe shago, na tare taksi na kai ta babban asibiti. Likitar da muka samu mace ce Bazabarma, Hausarta tana ɗingishi amma ana ganewa. Aka ce za a ɗauki hoton nono da wata na'ura da ke matse shi, kuma sai mutum ya tsaya cak. Rahamu da tsayawa cak! Aka gwada, aka sake gwadawa, mai ɗaukar hoton ta fara tsaki. Na roƙi a bar ni in shiga. Aka koma wata na'urar da ake shafa mai a jiki a bi da ita, na tsaya ta bayanta na riƙe kafaɗun yadda nake yi wurin awo, ina ce wa likitar "yanzu" duk lokacin da jikin ya lafa. Haka aka ɗebi ɗan nama da allura aka aika gwaji. Da sakamakon ya dawo, likitar ta zaunar da mu ta ce sankara ce, amma ba ta yi nisa ba, in aka cire nonon da wuri akwai kyakkyawan fata. Ni da bakina na kawo mata maganar gidan, domin ko ni a lokacin wani sashe na zuciyata yana so ta zama gaskiya.

"Malam," ta ce, "abin da aka lura shi ne ba ta yawa a cikinsu. Ba wanda ya ce ba ta zuwa. Ga ta nan ta zo wa matarka."

Ta kuma gaya mana gaskiyar da ba ta da daɗi: jikin da ba ya tsayawa ba ya barin rauni ya warke da sauri, aikin zai ba ta wahala fiye da sauran mata, kuma ba zai taɓa rawar da komai ba. Ta ce mu je mu yi shawara. A hanyar komawa Rahamu ta sa mai taksi ya bi ta Gamkale, unguwar bakin kogi, ta ce tana son ganin ruwa. Muka tsaya bakin lambuna, masu ban ruwa suna ta kai kawo da bokitai tsakanin kunyoyin salati, na sayo mata dambun zogale a leda wurin wata mata. Ta ci kaɗan, ta zubar da yawa a cinya, ba ta ce komai a kan aikin ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Mace ba a yi mata irin wannan aiki ba tare da danginta sun sani ba, don haka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kai ta Daresalam. Falon Alhaji cike yake, gwaggo Tsahara tana kan tabarma da carbinta, ga mata, ga ƙanne. Aka zaunar da Rahamu a kujerar kusurwa aka tare ta da matasai don kada ta zame. Na faɗi abin da ake ciki tun daga awo har sakamako. Alhaji ya aje kofin shayinsa.

"Idi, wa ya ba ka izinin kai ta lopital ba mu sani ba?"

"Matata ce, Alhaji."

"Ƙanwata ce kahin ta zama matarka. Kai ba ka wurin ranar da likita ya hwaɗi da bakinshi? Masu rawa ba su wagga cuta. Maruru ne ko ƙari na kitse, su kuwa mutanen lopital in sunka ga nama sai wuƙa."

Na ce an ɗebi naman an gwada. Ya ce na'ura ma tana kuskure. Gwaggo ta sa baki ta ce tun tana yarinya a Tawa take wankan gawar masu rawa, ba ta taɓa ganin ɗaya da wannan abu ba, yau kuma a ce Rahamu ce ta farko? Sai Alhaji ya juya maganar, kuma a nan ne na ga abin da ke cin sa a zahiri. Idonsa ya kawo ruwa.

"To a ce ma ita ce. Dube ta, Idi, don Allah dube ta. Nama nawa ya rage gare ta da za a yanka? Wadda Allah ya riga ya ɗora ma wanga kaya, a ƙara mata wuƙa? Shekara nawa ta rage mata? Ka bar ta ta tahi da jikinta cikakke kamar yadda babanmu ya tahi."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Ba mugu ne ke magana ba, ɗan'uwa ne mai tausayi. Kowa ya kama, wannan ya ce a nemo rubutu, wancan ya ce akwai mai magani a Tawa, ana ta yanke hukunci a kan jikin mace tana zaune a kusurwa kamar kayan da aka aje. Can na ga leɓenta yana motsi, hannunta yana dukan matashi.

"Ni..." ta ce. "Ni ina... so..."

"A bar ki ki huta," gwaggo ta ƙarasa da sauri, cikin tausayi. "Mun ji, ɗiyata. Ba mai taɓa ki."

Rahamu ta fara sauke ido. Na san wannan sauke idon, na san "to" ɗin da ke biye da shi, kuma na san in ya fito an gama. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gidan surukai ba, na ji kaina ina cewa:

"Gwaggo, ki gafarce ni, ba abin da ta ce ke nan ba. Ba ta ce komi ba tukuna. Yau ba mai ƙarasa mata. Ko za mu kai magariba a nan, sai ta gama da bakinta."

"A gidana kake ba da oda?" in ji Alhaji.

"Ba oda ba ce, Alhaji. Ƙanwarka ke magana, mu saurara."

Na je na durƙusa gabanta na dafa kafaɗarta. Ban san abin da za ta ce ba, wallahi ban sani ba. Da ta ce a bar ta, da na mai da ta gida na ci gaba da ɗinka mata riguna har ranar da Allah ya yi. Mata suka sunkuyar da kai don kunyar ganin ta tana kokawa, wata ta tashi ta fita. Yawu yana zubo mata ina sharewa da hannun rigata. Kalma ta zo ta maƙale, ta koma, ta sake zuwa.

"Rawa..." ta ce, "ba a... tambaye ni ba. Wannan... a tambaye ni."

Ta huta. Gwaggo ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu, abin da har yau in na tuna nake jin nauyinsa.

"Yaya," ta ce, tana neman fuskar Alhaji da idonta, "a... yanke. Ban... gama ba."

Alhaji ya dube ta. Sannan ya juyo gare ni ya ce ni na cusa mata wannan magana tun daga gida, mai rawa ba ta da hankalin yanke irin wannan shawara, kuma in na kai ta aka taɓa ta, to in sani na raba kaina da gidansu. Na ce na ji. Na ɗauki mayafinta na yafa mata, muka fito, ba wanda ya raka mu ƙofa.

Aka yi aikin, kuma duk abin da likitar ta faɗa sai da ya faru. Raunin ya buɗe saboda fizgar hannu, aka sake ɗinkewa, ya sake buɗewa ta gefe. Na ɗinka mata wata ƴar shara mai laushi da ke riƙe hannun dama a jiki ba tare da ta matse ba, na yi ta gyara ta har ta zauna. Maganin da aka biyo da shi ya zubar mata da gashi, ya hana ta cin ɗan abin da take iya haɗiya. Akwai ranakun da ta yi ta kuka tana zagina, ta ce ni na ja mata, akwai ranar da ta jefe ni da kwano. Uwani, kina da wayo lokacin, ke kike share ɗakin, kin ga wannan da idonki, kuma na san shi ya sa da aka gaya miki a Daresalam cewa na azabtar da ita kika yarda. Kin ga kukan, amma ba ki falon ranar Juma'a. Shagona ya yi wata da watanni a rufe, masu kawo ɗinki suka koma wurin wasu, da yawa ba su dawo ba. Alhaji bai tako gidan nan ba. Yakan aiko mota a ɗauke ku ku yini can, ban taɓa hanawa ba, amma shi ko gaisuwa a masallaci sai ya kau da kai. Rahamu ta ji zafin wannan fiye da zafin wuƙa. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ta ɗaga kai.

Amma ta warke. Gashi ya fito, raunin ya kame, sankarar ba ta ƙara waiwayo ta ba. Ta yi shekaru bayan nan, ba masu sauƙi ba, gama rawar ba ta tsaya jiran kowa ba, amma nata ne, ita ta nema. A cikinsu ta ga Laminu ya gama lakkwal, wato makarantar boko, ta riƙe ɗan Uwani na fari a cinyarta ni ina tallafe da su biyun. Duk Sallah na auna ta, ta kuma iya yi mini tsiya cewa yanzu yadin ya ragu, in daina kukan tsadar shadda. Na koyi yi mata cikon auduga a gefen dama yadda ba mai ganewa, ita kuwa in baƙuwa ta zo sai ta kama hannunta ta ɗora a wurin, ta ce "auduga", ta yi ta dariya har ta sarƙe. Wata rana da rana tsaka, muna zaune a inuwa, na tambaye ta ko ta yi nadama. Na jira har shayina ya huce.

"Kai dai... ka cika... tambaya," ta ce. "A'a."

A ƙarshe rawar ce ta ɗauke ta, yadda take ɗaukar nata: haɗiya ta gagara, abinci ya riƙa bin hanyar numfashi, ƙirji ya kama. Ranar jana'iza Alhaji Mamman ya zo, karo na farko tun waccan Juma'ar. Ya tsufa, ni ma haka. Bayan an dawo daga maƙabarta ya zauna kusa da ni a tabarma, na ɗauka zumunci ne ya dawo, zuciyata har ta yi sanyi. Sai ya ce a hankali, yadda na kusa za su ji:

"Ka gani ko, Idi? Mi ya kashe ta? Rawa. Mun hwaɗa maka babu wata sankara. Ka sa anka yanke ta a banza."

Na kawar da kai, gawar matata ko sanyi ba ta yi a ƙasa ba. Amma ku duba yadda abin ya juya. Da na bar ta sankarar ta kashe ta, da an ce rawa ce ta rame da ita, an rufe ta ba wanda ya duba, kamar yadda watakila aka rufe wasu a Tawa. Da aka cire ta kuma ta rayu, sai aka ce ai dama babu. Ta kowace hanya maganar gidan ce ke cin nasara. Mahaifiyarku ta sha wuƙa, ta sha ɗinki har sau biyu, ta yi aman magani, ta rasa yayanta, kuma duk da haka aka mai da ita hujjar abin da jikinta ya ƙaryata. Alhaji ya rasu da wannan imani, gwaggo ma haka, Allah ya jiƙansu, ba ni da sauran rigima da su. Na yi shiru don ina ganin maganar za ta bi su kabari. Ashe tana nan a tsakar gidana, a bakin ɗiyata, tana tsince shinkafa.

Uwani, sunan uwata gare ki, shi ya sa ban taɓa iya yi miki tsawa ba, kuma ba yau zan fara ba. Na ga yatsunki tun kafin ki gaya wa kowa, na ga yadda kike ɓoye su cikin mayafi, kuma na san abin da maganar nan take yi miki: ita ce abu ɗaya mai daɗi da aka ce yana cikin gadon. Ba na so in ƙwace miki ita. Likitoci sun ce ba ta yawa a cikinku, na yarda, Allah ya sa abin da kika ji ba komai ba ne. Amma hannun nan nawa ya taɓa ta a jikin mai rawa, a jikin matar da ta haife ki. Ranar Litinin da hantsi zan zo gidanki. Zan zauna in tambaye ki abin da kike so, ba zan ƙarasa miki ba, ba zan bar mijinki ko wani ya ƙarasa miki ba, zan jira har ki gama da bakinki. Sai dai ki sani na riga na yi magana da mai taksi, zai tsaya a ƙofa, kuma na gaya masa kada ya kashe mota.